Ma'aikaciyar jinyar da ta ƙi jiran wayewar gari

A makon jiya na yi alkawarin za mu ƙarasa tattaunawar da muka faro kan kuɗin rajista a jami'o'inmu, amma ina neman afuwa, zan ɗage ta zuwa wani makon. Wata tambaya ce da wata yarinya 'yar shekara bakwai ta yi mini ta tsaya mini a rai, na kuma ga ba zan iya rubuta wani abu ba sai na sauke ta.

Ranar Asabar da ta wuce na kai ziyara gidan ƙanwata. Muna cikin hira sai zance ya gangaro kan daren da ta haifi 'yarta ta biyu, kamar yadda yakan gangaro duk lokacin da muka haɗu. Yarinyar tana gefe tana saurare. Da muka zo wurin da ake cewa wata nas ce ta ceci ran uwarta, sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, yaya sunanta?" Na dubi ƙanwata, ƙanwata ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi gwaggonmu wadda ita ce ta yi zaman jinyar. Mu huɗu manya, babu wanda ya sani. Sunan babbar likitar da ta yi aikin kuwa duk mun riƙe shi, har da unguwar da take zaune.

Ga abin da ya faru. Cikin hunturu ne, ƙanwar tawa ta sauka lafiya bayan sallar isha'i a wani asibitin gwamnati da ba zan ambaci sunansa ba. Mijinta yana kan hanyar dawowa daga tafiya, saboda haka ni nake zaune a benci a waje, tunda ba a barin maza su shiga ɗakin masu jego. Wajen sha biyun dare gwaggo ta lura ana ta canza zani, amma ba ta ɗaga hankalinta ba, domin a saninta jinin biƙi dole ya fita, rashin fitarsa ma shi ne ciwo. Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce a ɗakin a daren, ita da wata ɗaliba, ga gadaje cike har da masu kwana a tabarma. Ta auna ƙanwar tawa, ta ga awon jininta bai faɗi sosai ba, amma bugun zuciyarta yana ta hawa, tafin hannunta ya yi sanyi, tana ta neman ruwan sha. Ta murza mata mara, ta yi mata abin da ƙa'idar aikinta ta ba ta ikon yi, sannan ta kira likitan da yake kan aiki. Matashi ne, tun la'asar yake ɗakin tiyata. Ya duba takarda, ya ga awon jini, ya ce a ci gaba da ƙarin ruwa, da safe manya za su gan ta a zagaye.

Ba ta yarda ba. Ta tattara zannuwan da suka jiƙe a cikin roba ta bi shi da su har ɗakin da ya kishingiɗa. Gwaggo ta ce ta jiyo muryarsa yana faɗa, yana tambayar wane ne likita tsakaninsu. Da ta ga haka sai ta ɗauki wayarta, da kuɗinta, ta kira babbar likitar mata a gida, ƙarfe biyun dare ya gota. Wanda ya san asibiti ya san wannan tsallake matakala ne, kuma ba a yafe shi da sauƙi. Daga nan ta fito ta same ni.

"Malam, kai ne yayanta?"

Na ce, "Ni ne, Sista. Lafiya?"

Ta ce, "Kada ka tsaya tambayata yanzu. Ka tafi ɗakin gwajin jini a duba naka, ka kuma tashi duk wanda za ka iya tasa. Ina son leda biyu a hannu kafin Hajiya ta iso."

Babbar likitar ta iso, aka shiga da ƙanwata ɗakin tiyata, aka tarar bakin mahaifa ne ya yage yana ta tsiyaya. Leda uku aka ƙara mata. Da asuba likitar ta fito tana cire safar hannu ta ce mini, da an jira zagayen safe da sai dai ta yi mana ta'aziyya. Bayan suna muka ɗauki turare da atamfa da cinyar rago muka kai mata har gida, kuma ta cancanta. Ita kuwa waccan baiwar Allah, abin da na ji daga baya shi ne an ba ta takardar neman ba'asi kan dalilin da ya sa ta kira babba ba ta bi ta hannun ƙarami ba. Na ji, na yi tsaki, na ce wannan ƙasa sai addu'a, na ci gaba da harkokina. Shekara bakwai ke nan.

Ba na riƙe da matashin likitan nan a zuciya. Mutum ne da ya shafe kusan yini da dare a tsaye, ya kuma dogara da lambar da aka koya masa ya dogara da ita. Masana sun daɗe da bayyana cewa mace mai ƙuruciya da ƙoshin lafiya tana iya zubar da jini mai yawa kafin awon jininta ya nuna, domin jiki yana matse jijiyoyi yana ƙara gudun zuciya don ya rufe giɓin, sai ya gaji sannan komai ya rushe lokaci guda. Wanda ya leƙo na minti uku zai ga lamba. Wanda ya kwana a gefen gadon shi zai ga canjin launin leɓe da yawan zanin da aka cire. Bambancin likita da ma'aikacin jinya ke nan a mafi yawan asibitocin duniya: ɗaya yana zuwa ya tafi, ɗaya yana nan. Bahaushe ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a asibiti mai ɗakin shi ne nas.

Abin da matar nan ta yi yana da suna a ilimin aikin jinya, kuma ana koyar da shi a makarantunsu. A Hausa na fi son in kira shi tsayawa mara lafiya, kamar yadda muke cewa wane ya tsaya wa wane a gaban alƙali ko a wurin neman aure. Ma'anarsa ita ce ma'aikacin jinya ya zama bakin wanda ciwo ko tsoro ko jahilci ko talauci ya rufe wa baki, ko da yin hakan zai haɗa shi da na gaba da shi. Ba haka aikin ya faro ba. Rantsuwar da aka tsara wa masu jinya a birnin Detroit na Amurka a 1893, wadda aka laƙaba wa sunan Florence Nightingale, ta ƙunshi alkawarin yi wa likita biyayya da taimaka masa. Kundin ɗa'a na farko da Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta fitar a 1953 shi ma ya jaddada aiwatar da umarnin likita cikin biyayya. Sai a gyaran 1973 aka sauya alƙibla, aka bayyana cewa haƙƙi na farko da ke wuyan ma'aikacin jinya na mutumin da ke buƙatar kulawarsa ne. Fiye da shekara hamsin ke nan da wannan sauyi a takarda. A ɗakunan asibitocinmu da yawa kuwa har yanzu 1893 ake ciki.

Kuma babu inda ake buƙatar wannan tsayawa kamar wurinmu. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, kyawawan ɗabi'u a zaure, masu haɗari a gadon asibiti. Dattijo zai ji likita ya yi bayani da Turanci, ko da Hausar da rabinta Turanci ne, ya gyaɗa kai ya ce "to, Allah ya saka," bai fahimci ko kalma ɗaya ba, sai likitan ya wuce ya jawo rigar nas ya ce, "'Yata, me ya ce?" Mace za ta ɓoye inda yake mata ciwo saboda namiji ne yake tambaya. Ana turo likitoci masu yi wa ƙasa hidima daga kudu zuwa ƙauyukan da ba mai jin Turanci, nas ce tafinta, kuma abin da ta ga dama ta fassara shi ne zai shiga fayil. Wani lokaci ma ba da likita ake ja ba, da dangi ake yi. Sau nawa ungozoma take fita ta durƙusa wa maigida tana roƙonsa ya sa hannu a yi wa matarsa aiki, shi kuwa yana cewa a gidansu ba a haihuwa da wuƙa? Sau nawa 'yan'uwa suke naɗe tabarma za su tafi da mara lafiya gida saboda kuɗi ya ƙare, nas ta ce su ba ta awa ɗaya, ta zaga ofishin walwala, ta bi abokan aiki da ƙoƙon bara, a haɗa kuɗin allura? Duk wanda ya yi zaman jinya na mako guda a asibitin gwamnati ya ga irin wannan da idonsa. Ba ya shiga rahoton shekara, ba ya cikin takardar ƙarin girma.

Dokokin ƙasa ma suna buƙatar mai tsaya musu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili. Dokar 2017 ta wajabta kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. A 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya, wanda ya tanadi haƙƙin samun bayani da harshen da mutum yake ji, da haƙƙin sirri, da na sanin kuɗin da za a caje shi. Amma da ƙarfe ukun dare, a ƙofar sashen gaggawa, babu lauya babu ɗan majalisa. Dokar tana aiki ne idan wanda ke kan aiki ya ce a shigo da shi tukuna, a yi maganar kati daga baya. Galibi kuwa wanda yake bakin ƙofar nas ne.

Na san abin da wasunku suke faɗi a ransu tun daga sakin layi na farko, domin ni ma na sha faɗinsa. Za su ce, Malam, waɗanne nas-nas? Waɗanda suke daka wa mai naƙuda tsawa, suna yi mata gorin da ba ya faɗuwa a jarida? Waɗanda suke kallon waya mara lafiya yana kira? Waɗanda sai ka san wani kafin a dube ka? Wannan duka gaskiya ne, kuma ba zan wanke shi ba. Akwai matan da suka gwammace su haihu a gida, da duk haɗarinsa, saboda wulaƙancin da suka gani a haihuwar fari, wasunsu kuma sun mutu a kan wannan zaɓi. Alhakinsu yana wuyan wanda ya kore su da bakinsa. Sai dai ina roƙon mai karatu ya bi ni mu duba lissafin. A ɗaki guda akwai mai tsawa, akwai kuma mai tashin babbar likita da tsakar dare. Albashinsu ɗaya, ranar ƙarin girmansu ɗaya. Mai tsawar ba a taɓa ba ta takardar neman ba'asi ba, domin talakan da ta wulaƙanta bai san inda ake kai ƙara ba. Ɗayar kuwa an ba ta, domin wanda ta ɓata wa rai ya san hanyar ofis. A waje kuma mu jama'a mun haɗa su mun yi musu kuɗin goro, mun ce duk halinsu ɗaya. To ɗalibar da take tsaye a ɗakin a daren nan tana kallo, wane darasi muke zaton ta ɗauka? Mun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, amma ba mu taɓa zama mun tsince waken ba, ba mu kuma yaba wa garin ba.

Kada a ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A watan Yulin 2017, a asibitin Jami'ar Utah da ke Amurka, wani ɗan sanda ya nemi a ɗebi jinin wani direban babbar mota da aka kawo a sume bayan haɗari. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da sashen, Alex Wubbels, ta nuna masa ƙa'idar asibitin a rubuce: sai da izinin mara lafiya, ko takardar kotu, ko kuma in yana tsare a hannun hukuma. Babu ko ɗaya daga ciki. Ya kama ta, ya sa mata ankwa, ya tura ta mota tana kuka. Mutumin da take karewa bai san tana yi ba, bai kuma roƙe ta ba. Da hoton bidiyon ya fito duniya ta gani, an kori ɗan sandan daga aiki, an kuma biya ta diyyar dala 500,000. A Ingila, a asibitin garin Stafford, wata nas mai suna Helene Donnelly ta yi ta rubuta ƙorafi kan yadda ake sakaci da marasa lafiya a sashen gaggawa da yadda ake murɗa alƙaluman lokacin jira. Abin da ta fara samu shi ne barazana daga abokan aikinta, har ta kai tana tsoron tafiya wurin motarta ita kaɗai in ta tashi aiki. Sai da kwamitin bincike na Robert Francis ya fitar da rahotonsa a 2013, da shawarwari 290, sannan ƙasar ta gane gaskiyarta, aka ba ta lambar girmamawa ta OBE. Abin lura a labaran biyu shi ne, yabon ya zo ne bayan an sha wuya, kuma ya zo ne saboda akwai kyamara a ɗaya, akwai kwamitin bincike a ɗayan. Tamu ma'aikaciyar ba ta da ko ɗaya, sai gwaggo da ke leƙe ta labule.

Mu a nan mun fi iya yabon ma'aikacin lafiya in ya mutu. Zazzaɓin Lassa ya samo sunansa ne daga garin Lassa na jihar Borno, inda a 1969 ya kama wata nas 'yar mishan, Laura Wine, aka kai ta Jos ta rasu, sannan ya kashe Charlotte Shaw wadda ta yi jinyarta. A 2014, lokacin da Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ebola, Dokta Stella Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ta rasa ranta, kuma ƙasa ta karrama ta da lambar OON a 2022, shekara takwas bayan rasuwarta. Tare da ita akwai nas Justina Ejelonu, wadda ta fara aiki a asibitin a daidai kwanakin, tana da juna biyu, ita ma cutar ta kashe ta. Mutum nawa ne suka riƙe sunanta? A 2018 an sace ungozomomi biyu, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, a garin Rann inda suke karɓar haihuwar matan da yaƙi ya raba da gidajensu, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya a watannin Satumba da Oktoba. Allah ya ji ƙansu. Waɗannan sun cancanci a sa sunayensu a makarantu da tituna. Amma mamaci ba ya jayayya da shugaban asibiti, shi ya sa yabonsa yake da sauƙi. Mai rai da ta ce "Yallaɓai, wannan adadin maganin ya yi wa yaron nan yawa, a sake dubawa," ita ce yabonta yake da nauyi, domin yaba mata amincewa ne cewa na sama yana kuskure.

Akwai wani aiki da aka yi da hannun 'yan ƙasar nan da ya nuna abin da ke faruwa in aka ba ma'aikaciyar jinya hujja da iko. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE, wanda aka gudanar a asibitoci kusan 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Dabarar ba ta da wuya. Ana shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin da ya zuba, da zarar ya kai wani layi sai ungozoma ta fara dukkan matakan tsayar da jini a tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba, ba tare da jiran kowa ba. An samu raguwar munanan sakamakon zubar jini da kimanin kashi 60 cikin 100. A ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun mutu a dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da na karanta labarin binciken sai robar zannuwan nan ta faɗo mini a rai. Abin da matar nan take ƙoƙarin yi ke nan da kayan da take da su: ta mayar da abin da idonta ya gani ya zama hujjar da ba za a musa ba. Da akwai ledar a daren, da ba ta buƙaci faɗa da kowa ba.

To wace irin karramawa nake nufi? Ba irin wadda muka saba ba, ta ɗakin taro da babban baƙo da allon katako, inda shugabannin asibiti suke zaɓar wanda ya fi yi musu ladabi su kira shi gwarzon shekara. In aka bar zaɓen a hannun hukumar asibiti kaɗai, mai tsayawa mara lafiya ita ce ta ƙarshe da za a tuna, domin aikinta ya gaji ɓata wa manya rai. A Amurka akwai wata lambar yabo mai suna DAISY, wadda iyalan wani matashi, Patrick Barnes, suka kafa a 1999 bayan ya rasu yana da shekara 33, don gode wa masu jinyar da suka kula da shi. Abin da ya burge ni a tsarinta shi ne marasa lafiya da danginsu da abokan aiki su ne suke gabatar da suna, tare da labarin abin da mutum ya yi. Ba sai mun kwafo ta da sunanta ba. Muna da abin da ya fi akwatin takarda dacewa da mutanenmu, wato rediyo. Gidajen rediyon Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato suna da shirye-shiryen da jama'a ke kira su kai kukan asibiti, kuma suna da amfani. Me zai hana a ware minti goma a mako don wanda zai kira ya ce, a ɗaki kaza, ranar kaza, wata ta tsaya wa mahaifiyata? Tsohuwar da ba ta iya rubutu ba ta iya wannan. Masarautunmu da suke naɗa sarauta ga 'yan kasuwa da 'yan siyasa, da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa, da attajiran da suke biya wa marasa lafiya kuɗin magani a watan azumi, duk suna da hannun da za su sa. Kujerar Makka ɗaya a shekara ga ma'aikaciyar jinyar da marasa lafiya suka zaɓa za ta yi magana a kowane ɗakin asibiti na jihar.

Amma ina ganin kyauta ita ce ƙaramin ɓangare. Babban tukuicin da za a ba irin waɗannan mutane shi ne a cire musu tsoro. Kowane asibiti ya rubuta, ya liƙa a bango, cewa ma'aikacin jinyar da ya ga mara lafiya yana taɓarɓarewa, ya kuma faɗa wa likitan da ke kusa bai gamsu da amsar ba, yana da iko, har ma wajibi ne a kansa, ya kira na gaba, kuma ba za a tuhume shi ba ko da daga baya ta bayyana hankalinsa ne ya tashi a banza. Gara a tashi babban likita sau goma ba dalili da a bar shi ya yi barci a daren da ake buƙatarsa. Wasiƙun yabo daga marasa lafiya su riƙa shiga fayil ɗin ma'aikaci kamar yadda takardun tuhuma suke shiga, a kuma duba su ranar ƙarin girma. Ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa, wadda muka fi jin muryarta a kan alawus da yajin aiki, kuma tana da gaskiyarta a can, ya kamata mu ji ta da irin wannan ƙarfi ranar da aka hukunta ɗan ƙungiyarta saboda ya kare mara lafiya, da kuma ranar da ɗan ƙungiyarta ya wulaƙanta shi. Mu ma malaman jami'a da muke koyar da ɗaliban likitanci da na jinya a harabar makaranta ɗaya, muna yaye su ba su taɓa zama a aji guda sun koyi yadda za su saurari juna ba, sai su haɗu a kan gadon mutum kowa yana kare martabar sana'arsa. Wannan laifinmu ne.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. A farkon 2024 hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa ta ce fiye da 42,000 daga cikinsu sun bar Nijeriya a cikin shekara uku. Maganin da hukumar ta kawo shi ne tsaurara sharuɗɗan tantance takardun masu son fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Kuɗi ne babban dalilin tafiyar, ba na musu. Amma duk wanda ya zauna da waɗanda suka tafi Ingila ko Saudiyya zai ji suna ambaton wani abu bayan albashi: a can in sun yi magana a kan mara lafiya ana rubutawa, ana dubawa. Kuma masu ƙwazon da ƙarfin halin su ne suka fi saurin samun hanyar fita. Ranar 12 ga Mayu ta kowace shekara, ranar haihuwar Florence Nightingale, za a yi jawabai a yanka kek, a ambaci Rufaida al-Aslamiyya da tantinta na jinyar masu rauni a Madina, a ambaci Kofoworola Pratt, 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci aikin jinya a ƙasar nan. Washegari nas ɗaya za ta koma ɗaki mai gado talatin.

Ranar Litinin na koma asibitin. Na sami shugabar ma'aikatan jinya ta sashen, dattijuwa mai fara'a, na gaishe ta na faɗa mata shekarar da watan da abin da ya faru. Ta sa aka ɗauko tsohon littafin jadawalin aiki, muka bi shi layi layi har muka kai daren. Ta ɗora yatsa a kan sunan ta yi murmushi, ta ce, "Ai na san za ta aikata. Malam, ka makara, ta bar mu shekara uku ke nan, tana ƙasar waje." Na tambaye ta ko takardar ba'asin tana nan a fayil ɗinta. Ta ce fayil ba ya mantuwa. Na nemi izini in rubuta wasiƙa a ajiye a gefenta, ta ce ba a taɓa kawo musu irin wannan ba, amma ba ta ga dokar da ta hana ba. Na rubuta shafi biyu, ƙanwata da mijinta sun sa hannu, gwaggo ta dangwala yatsa. Shugabar ta yi alkawarin nemo mini lambar wayarta ta wurin wata ƙawarta. Sunan kuma na kai wa yarinyar a daren, ta sa na rubuta mata shi a bangon littafinta na makaranta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan kuɗin rajista.